Shafi na Sittin na Littafin Malam

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Wannan littafin rubutu na Malam ne, sabo fil, ko sunansa bai sa ba. Na ɗauko shi daga teburinsa ba da izini ba. In ya tashi ya yi mini faɗa, ina jira.

Tun ranar Asabar muke asibiti. Likita ya faɗa mini sunan abin, har ya rubuta a takarda, na ninke ta huɗu na tura ƙasan jaka. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga takardu a ofis, babu kalmar da yatsuna suka taɓa ƙi, amma wannan ba zan rubuta ba. Yana buɗe ido, kuma ya gane ni. Hannun hagu yana riƙe nawa da ƙarfi. Na dama yana nan inda nas ta ajiye shi.

Auta ta ce in je gida in yi wanka in huta. Na ce wanka zan yi, hutu kuwa sai ubanki ya sa hannu, shi ne ogana.

Laraba, 6 ga wata, da la'asar

Yau ya yi ƙoƙarin magana. Bakin ya ɗan karkace, sauti yana zuwa har bakin haƙora sai ya tsaya. "Sa... sa..." Na ce, "Sakatariya ce, Malam, ga ni nan." Haka yake kirana tun kafin aure, lokacin da yake kawo takardun jarrabawa ofishinmu in buga masa. Ya rufe ido. Ina ga daɗi ya ji.

Juma'a, 8 ga wata, da safe

Shayi rabin kofi, da cokali. Kaɗan ne ya zube.

Litinin, 11 ga wata, da azahar

Mun dawo gida. Ƙofar ɗaki ta yi wa keken marasa lafiya ƙanƙanta, sai muka fito da gado falo, kusa da taga. Daga nan yana kallon teburinsa. Na so in rufe teburin da zane, Auta ta hana.

Bari in rubuta zancen littafin, don shi ne ya tsaya mini a wuya. Malam ya koyar da Turanci shekara arba'in. Da ya yi ritaya sai ya ce zai tara kalmomin da suka fi kayar da ɗalibai, waɗanda suke kama da juna a kunne amma kowace da inda ta dosa. "Tagwayen ƙarya" yake ce musu. Shafi sittin, kowane shafi tagwaye ɗaya. Shi yake rubutawa da biro, ni nake bugawa a kwamfuta. Ba ya ɗaukar misali daga littafin kowa, sai daga gidan nan. Duk wanda ya sayi littafin zai san fankarmu tana kuka, zai san Auta ba ta iya wanke gilashi ba, zai san wai ina minshari, alhali sharri ne.

Hamsin da tara sun kammala. Na sittin yana kan tebur: *loose* da *lose*. Ga abin da ya rubuta:

"*Loose* yadda abu yake ne: ya yi sako-sako, yana girgiɗi, bai ɗauru ba, amma yana nan. *Lose* kuwa abin da yake samun mutum ne: ɗazu abu yana hannunka, yanzu babu. Ta farko ƙarshenta hucin maciji, ta biyu kukan ƙudan zuma. Kada ka ce ka rasa abin da girgiɗi kawai yake yi."

Sai misali na farko: *The handle of our kettle is loose.* Wato har mariƙin butar shayina bai tsira ba. A ƙasa ya rubuta *lose*, ya sa ɗigo biyu. Daga nan sai layin biro da ya gangara har ƙarshen takarda. Na kifa ta.

Mai ɗab'i ya bugo waya. Ya yi jaje, sannan ya ce ranar 29 ga wata ce ta ƙarshe. In ta wuce, injinsa zai shiga wani aiki, littafin ba zai isa hannun ɗalibai kafin jarrabawa ba. Malam kuwa ya yi wa 'yan ajin yamma da yake koyarwa alkawari da bakinsa. Jimla ɗaya ce ta rage.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Likitar magana ta zo. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, da wani takalmi mai ƙara. Ta kawo kwali mai haruffa, ta ce ya riƙa nunawa da yatsan hagu in baki ya ƙi. Ta ce kalmomin suna nan a kansa, hanya ce ta toshe.

Da ta tafi na gwada. Ya nuna R, ya nuna U, na ce "Ruwa!" na kawo. Ya nuna T, A, na ce "Taga!" na buɗe. Kafin azahar na san ya samu sakatariyar da ta dace. A ofis ma haka nake, kafin oga ya rufe baki na kai aya. Ogogi huɗu na yi, babu wanda ya taɓa ƙarasa jimla a gabana.

Alhamis, 14 ga wata, da yamma

Ya ture kwalin.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Da likitar magana yana yi. Da Auta yana yi. Jiya ina kicin na ji ya ce mata "Au... ta" ƙarara, cokali ya faɗi daga hannuna. Na fito da gudu, yana ganina ya yi shiru ya mayar da ido kan taga.

Ni ce nake juya shi. Ni nake goge masa baki, ni nake yanke masa farce, ni na san wane matashi ne yake sa masa ciwon wuya. Ba gori nake yi ba, takarda ce, ba ta kai ƙara. Amma abin ya yi mini ciwo.

Sati biyu ke nan cif. Ba na son Asabar yanzu.

Lahadi, 17 ga wata, da la'asar

Mun yi da Auta. Tana shanya a bayan gida ta ce, "Mama, ki riƙa bari Baba ya ƙarasa."

Na ce, "Ya ƙarasa me? Ina kallo yana wahala, gumi yana keto masa a kan kalma ɗaya, ni kuma na san kalmar, sai in naɗe hannu?"

Ta ce, "Ba kullum kike sani ba. Ran nan ba taga yake so ba."

"To me yake so?"

"Ban sani ba, Mama. Ai ba ki bari mun ji ba."

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake karanta rubutun ubanta, rubutun da ko shi wani lokaci sai ya kawo mini in faɗa masa abin da ya rubuta. Ta ɗauki bokiti ta shige. Yarinyar nan bakin ubanta ta ɗauko, ba ta ɗaga murya, sai dai ta bar ka da magana a ciki tana ci.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Saura kwana goma. Na kai masa shafin, na nuna gurbin, na ajiye kwali a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon layin biron nan. Bai ɗaga yatsa ba.

Sai na zauna na rubuta da kaina. Shafi hamsin da tara na buga, na san yadda yake gina jimla kamar yadda na san tarinsa. *Do not lose your pen before the exam.* Kada ka yar da bironka kafin jarrabawa. Daidai take, babu malamin da zai ja. Na fitar a takarda mai kyau.

Talata, da azahar

Na kai masa ina murmushi. Na ce, "Malam, ga shi an gama, hankalinka ya kwanta." Ya karanta. Ya sake karantawa. Sai ya sa hannun hagu ya dunƙule takardar a hankali, don hannun ba shi da ƙarfi, sai da ya haɗa da ƙirjinsa. Ya sake ta ta faɗi ƙasa, ya juya fuska bango.

Na ɗauke na kai shara. Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Bai kalle ni ba.

Alhamis, 21 ga wata, da safe

Ya karɓi shayi a hannun Auta.

Juma'a, 22 ga wata, da yamma

Direba ya zo dubiya. Tsohon ɗalibin Malam ne na ajin yamma, babban mutum da furfura, motar haya yake ja. Ya kawo lemo cikin leda, ya cire hula, ya zauna a ƙasa kusa da gado duk da ga kujera.

Ya ce, "Malam, ka gane ni? Wane ne ni?"

Bakina har ya buɗe zan ce ai Direba ne. Tire ne a hannuna, kofi ya nemi zamewa, hankalina ya koma can. Da na ɗago sai na ga Direba ya zuba wa Malam ido kawai, hannuwansa a kan gwiwa. Malam yana ta fama, leɓe yana rawa, jijiyar wuya ta tashi. Direba ko gezau. Agogon bango yana ta tafiya. Ni da ke tsaye sai da na gaji da tsayuwa.

Can sai Malam ya ce, "Da... ƙi... ƙi."

Direba ya fashe da dariya har da hawaye. "Wallahi ni ne! Daƙiƙin aji! Mama, kin ji bai manta ba."

Malam ma dariya yake, da rabin baki.

Na raka shi ƙofa na ce, "Kai kuwa ina ka samo wannan haƙurin?" Ya ce, "A wurinsa mana. Mama, ba ki taɓa zama ajinsa ba? In ya yi maka tambaya, ya gama magana ke nan. Zai jingina da allo ya harɗe hannu. Wanda ya raɗa maka amsa waje zai kore shi. Ni akwai ranar da shayinsa ya huce a kan tebur yana jirana in haɗa jimla ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma jimlar nan har yau tana kaina, don tawa ce."

Shekara talatin da shida ina auren mutumin nan, ban taɓa ganinsa a aji ba. Takardunsa kawai na sani. Kunya ta kama ni a bakin ƙofa, har Direba ya tayar da mota ban ce ya gaida gida ba.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Na gwada yin shiru. Ya nuna harafi biyu, kalmar ta fito daga bakina kafin in san na yi magana. Sau uku. Ba ni nake yi ba, bakin ne, shi ma ya yi shekara talatin da ɗaya a ofis.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na samo dabara. Na zauna gabansa da kofi, na ce, "Malam, na yi laifi. Ka yi haƙuri." Sai na guntsi ruwa na riƙe a baki, kumatu suka cika, na ɗora masa kwali.

Ya kalle ni. Rabon da ya kalle ni tun Talata. Kafaɗarsa ta fara girgiza, na ɗauka wani abu ne ya same shi, ashe dariya ce. Auta ta leƙo ta ga uwarta kamar kwaɗo, ta koma da gudu tana toshe baki.

Ya ɗaga yatsa. T. A. Ruwan ya nemi ya shaƙe ni, don taga tana bakina. B. A. R. A. U.

Tabarau. Kwana goma sha ɗaya mutumin nan yana neman tabaransa, ni ina buɗe masa taga iska tana dukansa. Tabaran yana cikin aljihun rigar da aka kai shi asibiti da ita. Har takardata ta ran Talata da ƙyar ya karanta ta ke nan. Na sa masa, na gyara a bayan kunne. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Talata, 26 ga wata, da la'asar

Yau da ruwa a bakina ya ce mini ƙafarsa tana ƙaiƙayi, shayi ya yi zaƙi da yawa, kuma likitar magana ta sauya takalmi. Duk da yatsa. Kowace jimla sai ruwan ya yi ɗumi a bakina.

Na kawo shafin. Ya kalla, ya girgiza kai. Ya nuna: B, A, Y, A, U, B, A. Ba yau ba.

Saura kwana uku. Ban ce komai ba, ruwa ne a bakina.

Alhamis, 28 ga wata, da azahar

Na je wurin mai ɗab'i. Shagon yana warin tawada da man inji, takardu jibge har rufi, sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Ya kashe inji ɗaya ya ba ni kujera.

Ya ce, "Mama, jimla ɗaya ce fa. Ki rubuta kawai, wa zai sani?"

Na ce, "Ya sani. Na gwada."

"To mu fitar da hamsin da tara, a bar na ƙarshen."

"Bangon littafin ya ce sittin. Ɗalibansa ƙirgawa za su yi, shi ya koya musu."

Ya sosa ƙeya ya ce in gobe ta wuce sai bayan wata biyu, lokacin an gama jarrabawa. Na ce na ji. Ya ce, "Malam ya yarda?" Na ce ban tambaye shi ba. A hanyar dawowa na wuce kwanar gidanmu ban sani ba, sai da na ga gidan mai sannan na juyo.

Ban san ko daidai na yi ba. Yaran nan suna jira, kuma alkawarinsa ne, ba nawa ba. Wataƙila na sake ƙarasa masa magana ne ta wata hanyar.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na faɗa masa. Na ce, "Malam, yau ce ranar, kuma na ce a jira ka. Littafin ba zai riski jarrabawar bana ba."

Ya rufe ido ya daɗe. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi, na sa hannu zan goge, na fasa, na bari sai da ya nuna mini da kai. Bai nemi kwali ba. Ni ma ban kawo ba.

Asabar, 30 ga wata, da safe

Auta ta ce za ta kwafi shafi hamsin da tara ta kai wa 'yan ajin yamma su riƙa dubawa. Ta tambayi ubanta, ta jira, ya ɗaga kai. Ni ban yi wannan tunanin ba.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe 10 na safe

Shi da kansa ya nuna tebur. Na kawo shafi da kwali da kofina.

S. H. E.

*She.* Wato "ita". Daga nan ya gaji, kansa ya koma kan matashi. Turanci ya fi ba shi wahala yanzu, likitar magana ta ce haka abin yake. Mace dai ce a jimlar. Mu biyu ne mata a gidan nan, kuma Auta ta riga ta sha nata a shafi na goma sha biyu.

Talata, 2 ga wata, da hantsi

*did not.* Kusan rabin awa. Sau biyu ina haɗiye ruwa ina sake guntsa.

Laraba, 3 ga wata, da hantsi

*lose.* Wannan kowa ya san tana zuwa, amma na bar shi ya nuna haruffa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da nake jin Direba ya sha.

Ba ta rasa ba. Ba ta rasa me ba? Tunda ba dama in faɗa, bari in zuba a nan. Makulli, don kullum sai na nema. Lema. Takardar asibiti. Haƙuri, in tsokana yake ji, don ya san na rasa shi sau ba adadi a watan nan. Na fi zargin makulli.

Alhamis, 4 ga wata, da safe

Yau bai yi ba. Jiki ya ƙi, ko shayi bai sha ba, barci yake ta yi. Na kira likita ya ce a sa ido. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ba na son rubutu yau.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Ya tashi da sauƙi. Ya sha shayi kofi guda, ya nuna tebur.

Na guntsi ruwa. Yatsan ya yi yawo a kan kwali, ya wuce K na *key*, makullina ya tafi. Ya tsaya a M. Kaina ya fara gudu, kalmomi goma sun yi layi a bayan haƙorana. Na danne. Sai E.

Ya ɗauke yatsa. Na jira harafi na gaba. Fanka tana kuka, wani yana ta danna hon a titi, Auta tana goge-goge a kicin. Na jira har muƙamuƙina ya gaji. Shi kuma yana kallona kawai.

Sai ya mayar da yatsan can kusurwar kwalin. Ashe akwai aya a wurin, ban taɓa kula ba. Ya ɗora yatsa a kanta ya danna.

*She did not lose me.* Ba ta rasa ni ba.

Ban san lokacin da na haɗiye ruwan ba. Ranar Asabar ɗin nan da na shigo da shayi na same shi a ƙasa kusa da tebur, biro a hannunsa, na kira shi sau uku bai amsa ba, na ɗauka shi ke nan. Ban faɗa wa kowa ba, ko littafin nan ban faɗa wa ba. Ashe yana jina.

Na ce, "Malam, wannan za a sa? Yara za su karanta fa."

Bai nemi kwali ba. Leɓensa suka haɗu, suka rabu, suka sake haɗuwa. Babu ruwa a bakina, amma na jira.

"Bu... ga."

Na tashi na kunna kwamfuta na buga. Ban ga allon sosai ba, sai da na kira Auta ta duba mini ko ya fita daidai.